Ɗan Winnipeg da ya koma cikin wuta

A garin Hamilton na lardin Ontario a Kanada akwai wani tsohon jirgin yaƙi mai inji huɗu da har yau yake tashi sama. Lancaster ake ce wa irinsa, kuma cikin guda 7,377 da aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, biyu kacal suka rage masu iya tashi, shi ɗaya, ɗayan yana Ingila. A jikinsa an rubuta VR-A da manyan haruffa. To amma fa ba shi ne VR-A na ainihi ba, na ainihin ya ƙone a wata gona a arewacin Faransa a daren 12 wayewar 13 ga Yuni 1944. Fenti aka yi wa wannan aka sa masa lambar wancan, saboda mutum ɗaya tak da ya rasa ransa cikin bakwai ɗin da suka tashi a cikinsa a wannan dare, Andrew Mynarski.

Tunda na karanta labarin bawan Allah nan yake min yawo a rai, kuma ba jarumtar tasa kawai ce ta tsaya min ba. Abin da nake ta juyawa shi ne me ya sa shi 'yan Kanada suka riƙe sunansa haka, alhali aikin da shi da abokansa suka je yi, wato jefa bama-bamai daga sama, har gobe ana gardama a kansa, gardama mai zafi da ta kai har kotu da majalisa.

An haife shi ranar 14 ga Oktoba 1916 a birnin Winnipeg na Kanada, iyayensa baƙi ne 'yan ci-rani daga Poland. Yana da shekara 16 mahaifinsa ya rasu, sai ya bar makaranta ya kama aikin yankan fata a wurin masu ɗinka rigunan gashin dabba domin ya tallafi gida. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka cire daga aji aka kai shago saboda uba ya kwanta dama ya san irin wannan rayuwar, ba sai an masa bayani ba. A 1941 ya shiga sojan saman Kanada aka koya masa harbi daga cikin jirgi, zuwa 1944 yana runduna ta 419 da ke sansanin Middleton St George a arewa maso gabashin Ingila.

Wani zai ce me ya kai ɗan Kanada yaƙin Turai, ga teku guda a tsakani. Kanada tana cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautar Ingila, ta shiga yaƙin tun Satumba 1939, kuma a Disamba na shekarar aka ƙulla yarjejeniya cewa a can za a riƙa horar da matuƙa da sauran ma'aikatan jirgi na ƙasashen, tunda ga fili iya ganinka kuma jiragen Jamus ba sa kaiwa can. Sama da mutum 130,000 aka horar a wannan shiri. Daga Janairu 1943 ma 'yan Kanada suna da rukuninsu na kansu, rukuni na 6, a cikin babbar rundunar jefa bam ta Birtaniya da ake kira Bomber Command. Kuma duk wanda ya hau jirgin nan shi ya kawo kansa, ba a tilasta wa kowa aikin sama ba.

Sai ka san yadda cikin jirgin yake kafin ka gane abin da ya faru. Mutum bakwai ne: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai saita bam, mai rediyo, sai maharba biyu, ɗaya a doron jirgin ɗaya can a wutsiya. Andrew shi ne na doro. Na wutsiya kuwa, Pat Brophy, yana zaune ne a wani ɗan akurki na ƙarfe da gilashi mai juyawa, matsattse ƙwarai har ba ya iya goya laimar dirowa a ciki, sai dai a rataye ta a bayansa cikin jikin jirgin. In abu ya ɓaci dole ya juyo da akurkin ya daidaita ƙofarsa da cikin jirgi, ya buɗe, ya miƙa hannu ya ɗauko laimar ya ɗaura, sannan ya fita. Kuma ƙarfin injin jirgin ne ke tura man da ke juya akurkin, mai irin na birkin mota. Injin ya mutu, akurki ya tsaya. Awa shida, bakwai mutum yana zaune a nan shi kaɗai cikin duhu da sanyin da ke daskarar da yatsu, ba ya ganin kowa cikin abokansa sai muryarsu a kunne.

Ita kanta Lancaster matuƙa suna sonta saboda tana ɗaukar kaya kuma tana jin linzami, amma fita daga cikinta in ta kama wuta abu ne mai wuya, ƙofar tsira ta gaba ƙarama ce ga mutum mai kaya jibgi-jibgi. Wani masanin lissafi, Freeman Dyson, da ya yi aiki a sashen bincike na rundunar yana saurayi, ya rubuta daga baya cewa cikin waɗanda aka harbo a Lancaster kusan 15 cikin 100 ne kawai ke fita da rai, a jirgin Halifax kuwa kusan 25, kuma an yi ta jan ƙafa wajen faɗaɗa ƙofar har yaƙi ya kusa ƙarewa.

Daren nan kwana shida ke nan da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandy ta Faransa, aka tura su su ragargaza mahaɗar layin dogo ta garin Cambrai don kada Jamus ta samu hanyar kai sojoji da tankoki bakin daga. Fitarsu ta 13 ke nan, kuma tsakar dare na yi za a shiga 13 ga wata, Turawa kuwa suna camfa wannan lamba. Kafin su tashi Andrew ya tsinci wata 'yar ciyawa mai ganye huɗu wadda su a wurinsu alamar sa'a ce, ya miƙa wa Brophy ya ce ya riƙe. Abokai ne na ƙut da ƙut duk da Brophy hafsa ne shi kuwa ba hafsa ba, ba ma ɗaki ɗaya suke kwana ba, shi ya sa in za su rabu da dare Andrew yakan ƙame ya sara masa cikin wasa ya ce sai da safe yallaɓai.

Ba su kai ga sauke kayansu ba wani jirgin farautar dare na Jamus, Junkers 88, ya shigo musu ta ƙasa ta baya ya buɗe wuta. Injina biyu na hagu suka mutu nan take, wuta ta tashi a fiffike da kuma cikin jirgin, tsakanin inda Andrew yake da wutsiya. Matuƙin, Art de Breyne, ya ba da umarni kowa ya dira. Andrew ya sauko daga mazauninsa ya nufi ƙofar baya, ya isa ƙofar fa, abin da ya rage masa kawai ya faɗa waje, sai ya waiga ya hango Brophy ta cikin wutar yana kokawa da akurkinsa. Akurkin ya tsaya a karkace, mai ya daina zuwa, hannun juyawa na ko-ta-kwana kuma ya karye a hannun Brophy garin ƙoƙarin fita.

Sai ya koma. Da rarrafe ya ratsa man da ke ci da wuta, kafin ya isa wandonsa da laimarsa sun kama. Ya ɗauki gatarin da ake ajiyewa a jirgi saboda gobara ya yi ta saran akurkin, ya ɗan motsa ya tsaya, ya yar da gatari ya kama da hannu yana ja, ina, ƙarfe ya ƙi. Brophy yana masa ihu yana masa nuni da hannu ya tafi, ya tafi, ba abin da zai iya. Da ya ga ba dama ya sake ratsa wutar ya koma bakin ƙofa, ya miƙe tsaye kayansa na ci, ya juyo ya ƙame ya sara wa abokinsa sannan ya dira. Brophy ya ce bai ji muryarsa ba amma ya san abin da bakinsa ya faɗa, sai da safe yallaɓai. Mutanen ƙauye na Faransa sun ga saukowarsa kamar ƙwallon wuta, sun same shi da sauran numfashi, amma ƙunar ta yi yawa, bai daɗe ba ya cika. Shekararsa 27.

Ikon Allah kuma, wanda aka bari a baya don ya mutu shi ne bai mutu ba. Jirgin ya daki ƙasa kusa da ƙauyen Gaudiempré, ƙarfin dukan ya ɓalle akurkin ya wurgo Brophy waje da ransa, 'yan gwagwarmayar ɓoye na Faransa suka ɓoye shi, ya koma Ingila bayan 'yan watanni. Sauran biyar ɗin ma duk sun rayu, wasu a hannun Jamus wasu sun sulale. Babu wanda ya san abin da ya faru a bayan jirgin sai Brophy, sai da suka haɗu bayan yaƙi ya ba su labari, de Breyne ya rubuta wa manya, a Oktoba 1946 aka ba Andrew lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a jarumta a duk ƙasashen sarautar Ingila.

Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Da akurkin nan bai ɓalle ba, da babu lambar yabo, babu makaranta mai sunansa a Winnipeg, babu mutum-mutuminsa da aka kafa a tsohon sansaninsu a 2005, babu jirgin Hamilton. Da sai dai takarda ta je wa uwarsa cewa ɗanki bai dawo ba, shi ke nan. Mutum kusan 125,000 suka yi aikin sama a Bomber Command, 55,573 suka mutu, wato wajen 44 cikin 100. 'Yan Kanada a ciki sun haura 10,000, a ƙasar da duk mutanenta lokacin ba su fi miliyan 11 da 'yan kai ba, kuma duk mamatanta a yaƙin kusan 45,000 ne, ka ga kenan fiye da ɗaya cikin biyar a wannan aikin kaɗai suka tafi. A dare ɗaya, 30 wayewar 31 ga Maris 1944, an tura jirage 795 zuwa birnin Nuremberg na Jamus, 95 ba su dawo ba. Ka'ida ita ce mutum ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu, yawancinsu yara ne 'yan ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, wanda kuma zuciyarsa ta karaya ya ce ba zai ƙara hawa ba ana iya cire masa igiya a buga masa tambarin rago. Wa ya san sau nawa aka yi irin abin da Andrew ya yi a cikin jiragen da suka ƙone da kowa da kowa, babu mai ba da labari.

To amma akwai mutanen ƙasa, kuma duk sharhin da ya tsallake su bai yi adalci ba. Da farkon yaƙi niyyar Birtaniya ita ce ta riƙa dukan masana'antu da wuraren soja. Da rana jiragenta suka sha kashi, ta koma dare, da dare kuma ba a gani. A Agusta 1941 aka yi wani bincike da ake kira rahoton Butt, aka duba hotunan da jiragen ke ɗaukowa, sai aka tarar cikin waɗanda suka ce sun kai hari ɗaya cikin uku ne kawai ya je ko da mil biyar kusa da inda aka aike shi. Maimakon a daina sai aka sauya manufa: tunda ba a iya samun masana'anta, a daki garin gaba ɗaya, a ƙone gidajen ma'aikata, a karya zuciyar jama'a. A Fabrairu 1942 umarnin ya fito, kuma a watan ne Arthur Harris ya karɓi rundunar, mutumin da ya yi imani da wannan hanya har zuciyarsa. A ƙarshen Yuli 1943 aka ƙone birnin Hamburg na Jamus, wutar ta haɗu ta zama guguwa mai zuƙe iska har mutanen da suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka shaƙe, kusan mutum 40,000 suka mutu. Dresden a Fabrairu 1945, ana saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare, wajen 25,000. Mata, tsofaffi, jarirai. Hatta Faransawa da aka zo 'yantarwa, dubun dubatarsu bama-baman ƙawance ne suka kashe su, da yawa a unguwannin da ke maƙwabtaka da tashoshin jirgin ƙasa irin wadda aka aiki su Andrew.

Masu kare abin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Jamus ce ta fara, ta yi wa Warsaw ruwan wuta a 1939, Rotterdam a Mayu 1940, Coventry da Landan bayan nan inda fararen hula sama da 40,000 suka mutu. Shekaru da dama Birtaniya ba ta da wata hanyar taɓa Jamus sai ta sama, Rasha kuma tana ta zubar da jini a gabas tana neman a rage mata nauyi. Hare-haren sun tilasta wa Jamus ta tsare dubban manyan bindigogi da jirage da ɗimbin mutane a gida maimakon bakin daga, kuma dukan matatun mai da layin dogo a 1944 ya gurgunta ta ƙwarai. Gwamnatin da ake yaƙa kuma ita ce mai sansanonin da ake kashe mutane da iskar guba, kowace rana da aka rage wa yaƙin rayuka ne. Masu suka su kuma suna cewa ai abin da ya yi aiki shi ne dukan mai da hanyoyi, ƙone unguwanni bai karya zuciyar Jamusawa ba kamar yadda bai karya ta mutanen Landan ba, kayan yaƙin da Jamus ke ƙerawa ma ƙaruwa suka yi ta yi har tsakiyar 1944. Kuma ba wai sai bayan yaƙi aka fara faɗa ba, wani babban limamin coci, George Bell na Chichester, ya miƙe a majalisar dattawan Birtaniya a Fabrairu 1944 ya ce shafe garuruwa ba daidai ba ne, ana tsakiyar yaƙi, ya san za a zage shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni haushi. Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, da ya amince da manufar tun farko, bayan Dresden sai ya rubuta takarda yana ja da baya, a jawabinsa na nasara a Mayu 1945 ya yaba wa rundunoni iri-iri bai ambaci Bomber Command ba. Ba a yi musu lambar yabo tasu ta daban ba. Waɗanda suka zauna a ofis suka zana taswira suka zaɓi garuruwa sun wanke hannunsu, nauyin ya faɗa kan yaran da aka ba takarda da yamma aka ce ga inda za ku yau. Sai a Yuni 2012, bayan shekara 67, Sarauniya Elizabeth ta buɗe musu wurin tunawa a Green Park a Landan, lokacin yawancin waɗanda suka tsira sun riga sun mutu.

A Kanada ciwon ya fashe sau biyu. A 1992 gidan talabijin na ƙasa, CBC, ya nuna wani shirin tarihi da ya ce an ɓoye wa yaran ainihin abin da ake aikensu yi, 'yan mazan jiya suka harzuƙa, wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kai, suka kai ƙara suna neman diyyar dala miliyan 500, kotu ta yi watsi da ita. Sai kuma sabon gidan tarihin yaƙi na Ottawa da aka buɗe a 2005, inda wani ɗan allo ya ce har yanzu ana jayayya kan amfani da halaccin hare-haren, ya ambaci Jamusawa 600,000 da suka mutu da sama da miliyan biyar da suka rasa matsuguni. Tsofaffin suka ce an mai da su masu laifin yaƙi a gidan da aka gina don girmama su, masana tarihi da yawa suka ce babu ƙarya a allon, aka yi ta ja har a 2007 aka sake rubuta shi. Ni ina jin zafin tsofaffin nan wallahi, mutum ya binne rabin abokansa yana ɗan ashirin sannan yana da tamanin jikansa ya karanta allo ya juyo ya kalle shi. Amma goge adadin mamatan ƙasa ba zai dawo da ko ɗaya cikin abokan nasa ba, kuma mu nan da muka ga Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023 ba ma buƙatar a fassara mana abin da ake nufi da bam ya faɗo kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ina ganin shi ya sa sunan Mynarski ya zauna daram a wurin kowa. Ba don yawan jiragen da ya harbo aka ba shi lambar ba, ba don bam ɗinsa ya sauka daidai ba, an ba shi ne don ya isa ƙofar tsira ya juya saboda mutum ɗaya. Wanda ke ganin hare-haren dole ne da wanda ke ganinsu zalunci duk suna iya tsayawa gaban mutum-mutuminsa su sunkuyar da kai ba tare da ɗayansu ya janye maganarsa ba. Akwai haɗari a nan kam, don labari mai daɗin ji irin wannan yana iya zama mayafin da ƙasa za ta lulluɓe abin da ba ta son kallo, a yi ta nuna gatari da sarawa a manta cewa cikin jirgin cike yake da bama-bamai kuma akwai gidajen mutane kusa da layin dogon Cambrai. Wurin tunawar Landan ya yi ƙoƙari a nan, a jikin bangonsa an rubuta cewa ana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da bama-baman 1939 zuwa 1945 suka kashe, rufinsa kuma akwai ƙarfen wani jirgin Halifax na 'yan Kanada da aka harbo a Beljiyam a 1944, aka tono shi daga fadama a 1997 da gawarwakin mutum uku har lokacin suna ciki.

Kuma ina kallon yadda suke riƙe nasu ina tuna namu. A yaƙin nan dai aka kwashi samarinmu aka kai Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta filin jirgin Kano da na Maiduguri jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu suka riƙa bi zuwa Khartoum da Masar. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan ɗan Boma ɗaya da abin da ya yi a dajin can, ko da kakansa ne. Su sun rubuta, sun ajiye lambar jirgi da ranar da sunan ƙauyen da ya faɗi, shi ya sa har suke da abin yin gardama a kai.

A 2014 jirgin Hamilton ya ƙetare teku ya je Ingila ya tashi kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, tsofaffi a keken guragu suka fito suna kallon sama. Shi kuwa Andrew yana kwance a maƙabartar wani ƙaramin ƙauye, Méharicourt, gabas da birnin Amiens a Faransa, ƙarƙashin farin dutse mai zanen lambar yabonsa ta Victoria Cross. Dama da hagunsa jerin wasu duwatsun ne irin nasa, na samarin jiragen da aka harbo a yankin, kowanne da suna da lamba da shekaru, mafi yawansu ma ba su kai shi shekaru ba.